Sai Ya Fanshe Kuɗin Katinsa

Ruwa ake tsugawa a filin wasannin shaƙatawa na garinmu, kowa ya fake, ban da wani dattijo. Yana sake bin layin jirgin nan mai wulwula mutane a sama, katin shiga na shekara rataye a wuyansa. Da gani ɗan fansho ne. Na rasa haushin wa zan ji, shi ko masu wurin.

"Haba Preben, yanzu fa ka gama amai!" in ji matarsa.

"Sun sake ƙara wa katin kuɗi, Bodil. Sai na fanshe!"

Ya cire haƙoransa na roba ya miƙa mata. Ta karɓa, ta ja tsaki.

"Hau! Ko ka mutu, ba za su mayar mini da ko krona ɗaya daga kuɗin katin ba."