Zanen da Gene Ya Miƙe

Marlene Dubiel ta yi shekara goma sha tara tana walda a birnin Erie na Amurka kafin kafaɗarta ta ce ta gaji. Ta koma makaranta da furfura a ka, ta koyo aikin da har yau 'yan'uwanta ba su gane ba: tana zama gaban kwamfuta ta lissafa yadda ƙarfe zai lanƙwashe tun ba a ƙera shi ba. Injin kamfaninsu niƙaƙƙen garin ƙarfe yake shimfiɗawa, hasken leza mai tsananin zafi ya narkar da shi, shimfiɗa kan shimfiɗa, sai an kwana uku abu ya fito. Da ya huce sai ya ja jiki ya karkace. Wannan hali na ƙarfe ta san shi tun tana walda, adadi kawai kwamfuta ta ƙara mata.

Abin haushin, ba mai jin maganarta. Sau biyu ana ƙera fiffiken da ke juyawa a cikin wani famfo ba a tambaye ta ba, sau biyu yana fitowa kamar ayaba. Mai kamfanin, Mista Lindqvist, ya ce saura sau ɗaya: in ya sake karkacewa zai sayar da injin, ɗakinta ya koma ma'ajiyar kwalaye. Mace mai shekara hamsin da huɗu da kafaɗa ɗaya da rabi, wa zai ɗauke ta aiki?

Mako biyu ta yi tana lissafi. Ta gano bakin fiffiken zai ja hagu da milimita ɗaya da ɗigo huɗu, ta rubuta adadin a takarda ta manna a bango. Sannan da gangan ta karkatar da zanen dama da daidai wannan adadin, don in ya huce ya dawo a miƙe. Ta tura wa Gene Hrabak, mai kula da injin, ta tafi asibiti a duba mata kafaɗa.

Gene abokin marigayi babanta Stan ne. Mutumin kirki, amma ko gidan makoki ya shiga ya ga hoto a karkace a bango, sai ya gyara shi kafin ya yi ta'aziyya.

Ranar Alhamis fiffike ya fito, ayaba ta uku. Marlene ta ajiye kofinta a hankali.

"Gene, wane zane ka saka?"

"Naki mana, 'yar Stan. Sai dai na ɗan taimaka. Ya zo a karkace, na ce yarinyar nan gajiya ce ta yi mata yawa, bari in rufa mata asiri. Na miƙe shi ban gaya wa kowa ba."

"Ka miƙe shi?"

"Sak! Kamar rula."

"Na rubuta kada a taɓa, da jan rubutu!"

"Haba, ai kowace takarda a wurin nan haka take cewa."

Takaici ya rufe ta. Da don mugunta ya yi, da ta sami abin zagi ta huce. Ga shi tsohon tsaye yana murmushi, yana jiran godiya.

Ta ɗauko ma'auninsa ta danƙa masa, ta nuna bakin fiffiken. "Auna."

Ya auna. Ta nuna masa takardar bango. Ya sake aunawa, ya goge tabarau, ya auna na uku. Milimita ɗaya da ɗigo huɗu, zuwa hagu. Murmushin ya ɓace.

Ya rungumi fiffiken ya nufi ofishin Lindqvist, kuma da yake Gene kurma-kurma ne, da ƙarfi yake magana, duk ma'aikata suka ji shi ta bayan ƙofa.

"Ni na yi maka ɓarnar nan, ba ita ba! Ta faɗi adadin tun makon jiya, ƙarfe ya bi maganarta, ni ne ban bi ba. In sallama za ka yi, ga ni."

Lindqvist ya ƙara musu dama ɗaya.

Ranar Litinin karkataccen zanen ya sake bayyana a allon injin. Gene ya tsaya yana kallonsa, yatsunsa na motsi.

"Hannu a aljihu, tsoho."

"Marlene, don Allah dube shi fa, ko ɗan..."

"A aljihu na ce!"

Ita ta danna maɓallin da kanta. Ranar Alhamis fiffike ya fito a miƙe, Gene ya auna sau ɗaya ya miƙa mata ma'aunin, ya ce ta riƙe, nata ne. Har yau yana aiki a can, sai dai in zanenta ya hau allo baya yake juya masa, ya ce ta gaya masa in ta gama.