Taɓare Uku da Kafaɗar Kawu

Kafin na fara, ya kamata na faɗi madogarata. Abin da na gani na rubuta shi a littafin aljihu a ranar, wato Asabar ta makon jiya. Ƙa'idar gasar kuwa daga bakin kawuna na ji ta, ban same ta a rubuce ba. Lokutan da zan ambata ƙiyasi ne, domin wayata ta mutu tun hantsi.

Maharban ƙauyenmu da ke kusa da Furfuri kan yi gasa bayan girbi. Ana jera guntayen taɓare a kan katako, a harbe su da bindigar gargajiya. Samun taɓarya bai wadatar ba, sai ta faɗo ƙasa. Kawu ne ke buɗe harbi, kuma wanda harbinsa na farko bai kayar ba ya sauka daga wannan matsayi ke nan. Bindigarsa ta tsage bara, kafaɗarsa ta dama kuma tana ciwo. Tsofaffin abokansa biyu masu takardar izini sun yarda su ara masa tasu, ɗaya a Tsafe, ɗaya a Bungudu.

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Gusau don mu gwada bindigogin, ni da shi, da buhu mai guntayen taɓare uku da na saya a kasuwa na auna nauyinsu. Kuɗin mota ya ƙaru a kan na bara, in ji kawu. Ban tabbatar ba. Har muka wuce mararrabar Mada kowa a motar idonsa na kan daji. A wani shinge jami'i ya buɗe buhun, ya dube mu.

"Baba, mi za ku daka?"

"Tambayi ɗan boko," in ji kawu.

A Tsafe muka karya da waina da miyar taushe a tsaye. Bindigar can mai faɗin baki ce, babban yatsana ya shige ciki. Sai da aka aika wa mai unguwa, aka jira ya sanar da jama'a, don kada ƙarar ta sa mutane gudu. Jiran ya kai sa'a guda, ina ta kai da komo. Kawu ya harba, taɓaryar ta yi sama ta faɗa cikin kara. Shi kuma ya zauna a ƙasa riƙe da kafaɗa.

Muka sake ratsa Gusau zuwa Bungudu bayan azahar. Bindigar can matsattsiyar baki ce, dukanta a kafaɗa da sauƙi, kuma lissafin da na yi na nauyin darma da gudunta ya nuna za ta isa. Ta kayar da taɓaryata kuwa. Ina shirin rubutawa mai bindigar ya kwashe da dariya.

"Malam, wagga ai sabuwa ce. Tsaya ka gani."

Ya fito da taɓaryar gasa: ta icen ƙirya ce baƙa, darmar shekaru ta cika cikinta. Na ɗaga ta, na san lissafina ya rushe tun daga tushe. Kawu ya harba, ta yi tangaɗi, ta kwanta a kan katakon, ta tsaya nan.

Mun iso gida kafin magariba. Na koyi cewa na auna abin da ba shi za a harba ba, kuma da na tambayi maharbi ɗaya tun farko da na sani. Kawu ya ce bindigar Tsafe yake so. Inna, matarsa, ita ce ta cire masa riga, domin hannun ya ƙi ɗaguwa, kuma ta ce ni na yi karatu, ni zan hana shi.

Saura mako biyu gasar. Kafaɗar za ta ɗauki wani harbi irin na Tsafe, ko ba za ta ɗauka ba? Ban sani ba.