Muryar da ke Tsakiya

Ku matso kusa, ku aje abin da ke hannunku, ku ara mani kunne. Wannan ba tatsuniya ba ce, a kaina ta faru.

Ƙanwata da ke bi mani an yi mata aure a Dauran, ni kuma a Banga. Allah ya ba ta murya. In muka haɗu kan turmi ɗaya muna lugude, ita ke ba da waƙa, ni ke amshi. Ranar sunan wani jikana, maƙwabci ya kawo rediyo mai kunne biyu ya ɗauke mu a kaset. Ran nan ta bar wa wata taɓaryarta, ta tsaya daidai gaban rediyo, mu da turmi muna gefen dama. Shekarar da aka ba mu jihar Zamfara, ƙanwar tawa ta rasu. Kaset ɗin nan kaɗai ya rage mani na muryarta. Cikin ɗankwalinta nake naɗe shi, duk Juma'a da hantsi in kunna.

Babban ɗana malamin lantarki ne a Ƙaura. Da Shari'a ta zo, ba hukumar da ta tako gidana neman kaset. Shi ya zo. Yana son a sa shi cikin wani kwamiti, kuma wani ya faɗa masa ana jin waƙar mata daga ɗakin uwarsa. Wannan daga baya na sani.

Ya ce, "Inna, kaset ɗin ga ya tsufa, sai shuuu yake yi. Kawo in wanke maki shi a kwamfuta."

Na ce, "Da sabulu ko da toka?"

Ya yi dariya, ya tsuguna, ya ja layi a ƙasa da yatsa, mai hawa da sauka kamar sawun maciji. Ya ce haka kowane sauti yake tafiya. Na'urarsa tana mai da shi lissafi, ta yi masa tagwai, ta jinkirta tagwan da rabin taku, ta yadda in wannan ya hau, wancan ya sauka. In aka gama su wuri ɗaya, sai shiru.

Na ce, "Ashe lugude ne. Taɓaryata sama, tata ƙasa."

Ya ce, "Wallahi Inna kin fi ɗalibaina ganewa."

Yabon nan ya cuce ni. A lugude ba wadda ke ɓacewa, gero ne ke fita tas. Na ɗauka dusa zai cire. Na kwance ɗankwali da hannuna na miƙa masa.

Bayan sati biyu ya kawo sabon kaset fari. Na kunna. Ga turmi yana amsawa, ga tafin mata, ga ni ina cewa "ayye, ayye". Sai wuri ya buɗe, inda za ta ɗauko baiti, ba kowa. In sake cewa "ayye". Har ƙarshe haka, ina amsa wa wadda ba ta nan.

Na ce, "Ina take?"

Ya ce, "Rediyon kunne biyu gare shi. Abin da ya tsaya tsakiya, daidai yake shiga kowane kunne. Na kifar da ɗaya kan ɗaya, ya cinye kansa. Ke kina gefe, shi ya sa kika saura."

"Tsohon fa?"

"Na ɗora karatun Alƙur'ani a kansa. Ladar ta isa gare ta, ta fi mata waƙa."

Ƙanwar nan tawa ita ta goya shi lokacin da na yi ciwon nono. Na faɗa masa. Ya ce har a aji ya kunna wa ɗalibai, sun yi mamakin yadda aikin ya fita tsaf.

Daga ranar ban ƙara amsa masa gaisuwa ba. Ya durƙusa ya ce, "Inna, ina kwana," in dubi bango. Ya jira daidai inda amsa za ta shigo, ya ji abin da na ji.

Ƙanwata tana kwance a Dauran. Maƙwabcin mai rediyo ya koma Shinkafi, can ya cika. Ɗana bai samu kwamitin ba, wani aka ba. Ya yi ritaya, kunnensa ɗaya ya mutu, har yau yana zuwa ya durƙusa. Farin kaset yana cikin ɗankwali. Ni kuma waƙar ta fara zube mani, baiti biyu suka rage.