Ranar da 'Ya'yan Anjal Suka Tashi

Duk wanda ya zauna a Dar Salam ta bayan Omdurman a farkon mulkin soja ya san Karima 'yar Ɗantsoho, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan mai yawo da kwalba a hannu, tana leƙa kowane kududdufi kamar wadda ta yar da zobe. Wasu cewa suke taɓin hankali ne. Ƙarya suke yi wallahi, yawancinsu ba su kai ta rabin hankali ba.

A wani kambo aka haife ta cikin gonakin Jazira, irin bukkokin nan da leburorin auduga ke zama a bakin magudanar ruwa. Kakanta ya taso daga ƙasar Katagum a ƙafa zai tafi hajji, guzuri ya ƙare masa a nan, ya ce bari ya yi tsinkar auduga ta shekara guda ya wuce. Shekarar nan ba ta ƙare ba har aka binne shi. Karima ta tashi da buhu ɗaure a ƙugu, ko ƙofar aji ba ta taɓa takawa ba. Amma fa ta san ruwa. Da ido take gane wanda ake sha, da wanda ke sa fitsarin jini, da wanda ƙananan kifaye ke taruwa a cikinsa.

Da aka ɗaura mata aure da Sabitu, mai gyaran risho da fitila, sai suka shigo birni. Ta sami aikin shara da wanki a unguwar Alsahafa, gidan wani likita, Dakta Salahuddin. A falonsa ta fara ganin akwatin gilashi cike da ruwa, wanda mutanen Khartum ke kira hod, da waɗansu kifaye fale-fale masu zanen baƙi da azurfa, suna tafiya a tsaye cikin isa. Anjal ake ce musu. Ranar farko tsintsiya ta faɗi daga hannunta ba ta sani ba. Shekara bakwai tana canza musu ruwa, har likitan ya lura cewa in ya yi tafiya ya bar su a hannun 'yan'uwansa sai ya tarar da gawa, in a hannunta ne kuwa sai ya tarar sun ƙara ƙiba.

Sai sojoji suka karɓi mulki. Ba a jima ba sunan Dakta ya fito cikin waɗanda aka sallama daga aiki, ya haɗa kayansa zai bar ƙasar. Ya kira ta, ya nuna mata ƙaramin hod da kifi biyu, mace da namiji.

"Ya Karima," in ji shi, "gidanki ba wuta, ba famfo. Na san ba za su yi mako guda ba. Amma gara su mutu a hannunki."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, amma maganar ta soke ta. Ba za su yi mako ba? A hannun wa? Ta yi godiya, ta ɗauki kayanta, tana tafe tana ƙwafa har tashar mota.

Suka yi mako, suka yi shekara. Lokacin da aka rushe unguwarsu aka loda mutane a manyan motoci zuwa filin Dar Salam, sauran mata na rungume da buhun dawa, ita tana rungume da tukunyar miya a cinya, kifi biyu a ciki, ta rufe da gefen tob ɗinta, dogon mayafin da matan ƙasar ke naɗawa. Wajen da aka sauke su ko inuwar kirki babu. Ruwa sai na karo, amalanken jaki mai ɗauke da ganga, shi ma ruwan rijiya ne mai ɗanɗanon kanwa. Karima ta ce kifinta ba za su sha wannan ba. Duk Juma'a sai ta shiga mota da jarka biyu har bakin Nilu, ta dawo ta juye a randa, ta tara kwano a ƙasa. Abin da ya ɗigo ta gindin randar, garau kamar hawaye, shi take zuba musu. In zafi ya tsananta ta jiƙa buhu ta naɗe gilashin, ta zauna tana fifita. Sabitu bai taɓa hana ta ba. Iyakarsa ya girgiza kai ya ce, "Ummu Duha, ni dai ban taɓa samun wannan gatan ba." Duha ita ce 'yarsu ɗaya tilo, tana aure a garin Madani.

Rayar da su bai ishe ta ba, so take su hayayyafa. Kifayen sun riga sun manyanta, in suka mutu ba su bar baya ba, shi ke nan, ba ta da inda za ta samo wasu. Ta jingina musu ɓallin tangaran a cikin ruwan, macen ta jera ƙwai a kai. Sau biyu ana buga ƙofa da ƙarfi su firgita su cinye ƙwansu. A karo na uku aka ƙyanƙyashe, 'ya'yan suka yi kwana biyar maƙale da tangaran suna kaɗa jela, sannan suka saki suka tashi cikin ruwa. Nan ne fa wuyar take. Ɗan anjal in ya tashi, guzurin da ya fito da shi daga ƙwai ya ƙare, in bai ci ba cikin kwana biyu ya tafi. Kuma ba ya cin abin da ba ya motsi sai da ƙyar, ga baki kamar kan allura. Ta dama musu gwaiduwar ƙwai, ruwan ya ruɓe, suka mutu kaf. Ta yi kuka sosai, kukan baƙin ciki, ba ta ɓoye wa kowa ba.

Tana cikin wannan jimami ta tuna da wani jan abu mai kama da garin barkono da ke taruwa a gefen magudanar kambo, inda dabbobi ke shan ruwa. Tun tana yarinya ta ga ƙananan kifaye na rububinsa. Ƙumar ruwa ce, wasu mitsi-mitsin halittu masu tsalle. Ta yi ta yawo da kwalba har ta samo iri, ta zuba a daro uku a bayan ɗaki, ta sa ɗan kashin jaki, ta lulluɓe da tsohon gidan sauro. Ta koyi tacewa sau biyu: rariya ta tare manya da tsutsar sauro, waɗannan na iyaye ne, farin ɗankwali ya tare ƙanana, waɗannan na jarirai ne. Ba wanda ya koya mata.

A daminar shekara ta uku da komawarsu kifayen suka sake yin ƙwai, aka ƙyanƙyashe kusan ɗari biyu. A daminar nan kuma zazzaɓin sauro ya yi wa unguwar mummunan kamu. Lajana, wato kwamitin unguwa, ta ba da umarni a zuba baƙin mai a duk ruwan da ke kwance. Ni ban ga laifin umarnin ba, mutane mutuwa suke yi. Laifin na mai aiwatarwa ne.

Shugaban lajanar shi ne Idirisu, ɗan kambonsu Karima, wanda ya girme ta da 'yan shekaru, tare suka yi tsinkar auduga. Yanzu ya tara jakuna da karo shida, ya sa farar jallabiya, katin rabon sukarin kowane gida na hannunsa, Hausa ma sai ya ga dama yake yi. Da safen da 'ya'yan anjal suka saki tangaran, Karima na durƙushe da ɗankwalin tacewa a hannu, sai ga sallamarsa, da mutum biyu ɗauke da galan.

"Yaya Idirisu, sannu da zuwa," in ji ta. "Bismilla, a kawo ruwa."

"Ba zama muka zo yi ba. An ce kina kiwon sauro a bayan ɗaki."

"Zo ka gani da idonka. A rufe suke, kullum sai na tace. In ka sami tsutsa ɗaya, ni da kaina zan kifar."

Ko leƙawa bai yi ba. "Ruwa a kwance mamnu'i ne, an hana. Doka ba ta san rufe ba."

"Ka ba ni kwana goma, Yaya. Yau suka tashi. In ba su ci ba mutuwa za su yi."

Ya yi dariya, ya juya ga mutanensa ya yi magana da Larabci don su ma su dara. "Mutane na mutuwa, 'yar Ɗantsoho na makokin kifi! Ku zuba."

Aka yaye gidan sauron, aka tsiyaya mai a daro uku. Karima na tsaye tana kallo. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma raka su ƙofa ba.

Ta suri kwalba ta fita. Kududdufin bayan masallaci baƙi ƙirin. Na hanyar kasuwa haka. Ramin masu bulo haka. Ta shiga mota har Nilu, ta tarar kogi ya cika ya yi ja, yana gudu da itatuwa, ba abin da za a tace a ciki sai laka. Ta dawo da la'asar, ƙafa duk ta kumbura. Sabitu ya dafa ƙwai, ya ɗebo gwaiduwa a kan tsinken allura ya miƙa mata. Ta sa ɗan kaɗan don dole. Kashegari da safe ta tsotse gawawwaki da siririyar roba, ta daina ƙirgawa da ta wuce sittin. Sauran na yawo a hankali, cikinsu fayau, ana hango ruwa ta jikinsu.

Tana zaune a ƙofar gida ta rasa abin yi, sai ga wani karo ya wuce ya sauke ruwa zai koma. Ta bi jakin da kallo. Ƙafafunsa jiƙe suke da laka har gwiwa, kuma lakar ba ta da ɗigon mai. Ta miƙe. Ai jaki ba ya shan ruwan da aka zuba wa mai! To a ina waɗannan ke sha? Ta ɗauki bokiti da rariya da ɗankwali da kwalba biyu, ta bi sawun karon.

Sawun bai tsaya ko'ina ba sai garken Idirisu, jikin katangar gidansa. Nan gangunan ke yoyo dare da rana, ruwa ya kwanta ya yi tafki guda, jakuna na sha suna kashi a gefe. Ko ɗigon mai babu. Bakin ruwan kuwa ja wur da ƙuma. Tabɗi! Ranar kuma ranar rabon sukari ce, mata sun yi layi tun daga ƙofarsa har kwana, shi yana zaune a bayan tebur da littafi.

Da wata ce ta ga haka, da sai ta jira a watse ta lallaɓo. Karima ba ta da wannan lokacin, kuma ko tana da shi ba halinta ba ne. Ta ratsa layin, ta tattare tob, ta shiga ruwan har ƙauri, ta fara tacewa. Matan layi duk suka juyo suna kallonta.

"Ke! Me kike yi a garkena?" Idirisu ya taso yana gyara rawani. "Fita!"

Ba ta ɗago ba sai da ta gama. Ta juye abin rariya a kwalba ɗaya, na ɗankwali a ɗaya, ta cika bokitin don iri. Sannan ta fito ta ɗaga kwalbar farko sama, inda rana za ta haska ta. Tsutsar sauro ce ke wutsil-wutsil a ciki, baƙi ƙirin, har ba a ganin ruwan.

"Ranka ya daɗe, shugaban lajana," ta ce da Hausa, sannan ta maimaita da Larabci don kada wata ta ce ba ta ji ba. "Jiya ka zo gidana neman sauro ba ka samu ba. Ga shi na samo maka. Ashe a gida ka baro shi."

Wata tsohuwa a layi ta ce, "La'ilaha illallahu!" Wata da ta binne ɗanta a makon ta matso ta ƙura wa kwalbar ido, ta juya ta ƙura wa Idirisu. Sai gunaguni ya tashi daga kan layi har ƙarshensa.

Idirisu ya rage murya, ya dawo Hausar kambo tsantsa. "Karima, ki kiyaye ni. Katinki a hannuna yake."

"A'a, Yaya, a hannuna yake." Ta kwance bakin tob ta ciro katin, ta ajiye masa a kan littafinsa, ta ɗora kwalbar tsutsar a kai don kada iska ta ɗauke. "Ni da kai mun sha shayi ba sukari a kambo, ba mu mutu ba. Riƙe."

Ta ɗora bokiti a ka, ta ɗauki ɗaya kwalbar, ta kama hanya, ba ta waiwaya ba.

A gida ta ɗauraye ƙumar da ruwan randa sau uku, ta ɗiga cikin hod da cokali. Da farko ba abin da ya faru. Ƙuma na tsalle a gaban hancinsu, su kuwa sun galabaita, ko juyawa ba sa yi. Zuciyarta ta yanke, ta ce a ranta ta makara. Can sai wani ɗan mitsitsi ya karkata, ya kai cafka ya kuskure, ya sake ya kuskure, a na uku ya haɗiye. Na kusa da shi ya bi. Kafin a kira azahar, arba'in da 'yan kai ne suka rage da rai, kuma kowane da ɗan jan ɗigo a cikinsa.

Sabitu ya shigo da kayan aikinsa a kafaɗa. Labari ya riga shi zuwa kasuwa.

"Ummu Duha, da gaske ne abin da na ji? Ina katin?"

"Abu Duha, zo ka ga cikinsu."

Ya ajiye kayan, ya durƙusa kusa da ita, ya kai fuskarsa jikin gilashin. Ya daɗe yana kallo. Da ya ɗago, idonsa ya kawo ruwa.

"Sun ƙoshi, 'yan banza," in ji shi. "To ɗora shayin, mu sha haka."