Barcin Gwaggo a Jikin Taga

Gwaggota ba ta taɓa yabon hukuma ba sai a kan jirgin ƙasa na cikin gari, shi ma don barci.

Guga take yi a ɗakin wankin asibiti, a tsaye tun safe har la'asar. Gida kuwa jikoki kamar an zazzage buhu, ga mijinta da ya yi ritaya ya mai da tari da sauraron rediyo sana'a. Kujerar jikin taga ce kaɗai inda take runtsawa. Unguwarmu ce tashar ƙarshe, saboda haka ba ta fargabar a wuce da ita. Sai ta rungume jaka, ta saki baki, ta yi ta zuba minshari har mai sharar jirgi ya ƙwanƙwasa kujera da tsintsiya ya ce, "Mama, an iso."

Sai aka ƙara tsawon layin. Kowa na murna, masu gidajen haya har da taka rawa, ita kuwa Allah ya isa ta ja wa injiniyoyin. Ranar farko ta farka a wata unguwa da ko sunanta ba ta taɓa ji ba. Ta gwada ƙararrawar waya, minshari ya danne ta. Ta roƙi na kusa da ita ya tashe ta, shi ma ya ɓingire. Dole ta koma zama ido biyu tana harare-harare. Ta rame, ta ƙona zanen gado a wurin aiki, shugabarta ta ja mata kunne. Wallahi ta ba ni tausayi.

Kwatsam sai ta murmure. Ta sanar a gida cewa an ƙara musu lokacin aiki, mijin ya yi ta zagin asibiti.

Ni na kama ta. Wata yamma na shiga jirgi na hango ta a jikin taga, baki buɗe. Da muka zo tasharmu na taɓa kafaɗarta.

"Gwaggo, mun iso."

Ido ɗaya ta buɗe. "Na sani. Sai na je ƙarshe na dawo."

"To ƙarin aikin fa?"

"Ga shi kana gani. Kai, sauka ka ba ni wuri. In ka buɗe baki a gida, ni da kai ne. Tun da aka kai ni gidan miji ban taɓa samun inda ba a ƙwala mini kira ba sai nan."