Hannun Telan Da Na Karya Saboda Gida

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta wannan shafi, yau dai na daure zan faɗi nawa, ko wani ya tsira daga abin da na jefa kaina.

A Jidda ta ƙasar Saudiyya aka haife ni, kakanninmu ne suka zo aikin hajji suka zauna, har muka samu takardar shaidar 'yan ƙasa. A lokacin da abin ya faru ina tuƙa motar ɗaga kaya a tashar jiragen ruwa. Mutum ne ni mai ƙarfi da saurin fushi, kuma ina alfahari da cewa ba a taka ni. Muna haya a unguwar Waziriyya, ɗaki biyu, ni da matata da 'ya'ya huɗu da mahaifiyata. Da na ji akwai wata jam'iyyar taimako da ke mallaka wa masu ƙaramin ƙarfi gidaje, ana biya kaɗan-kaɗan, sai na cike takardu. An tambayi duk hanyar samuna, na rubuta albashi kawai. Na ɓoye wata tsohuwar a-kori-kura da nake ɗaukar kaya da ita ranakun hutu, don ina tsoron a ce na fi ƙarfin taimako.

A ƙasan benenmu akwai wani dattijo tela, Bahaushen Sudan, yana zaune da iƙama, wato takardar izinin zama ta baƙi. Ammu muke ce masa, wato baffa. Shi yake ɗinka wa yarana kayan sallah, kuma a gaban shagonsa nake ajiye motar. Wata rana mai binciken jam'iyya ya zo ya duba ɗakunanmu, da ya sauka na hango shi ta taga ya shiga shagon Ammu ya daɗe. Bayan mako biyu saƙo ya shigo wayata cewa an dakatar da takarduna saboda bayanin da ban faɗa ba, in zo ofis. Ban je ba. Zuciyata ta riga ta yanke hukunci.

Bayan la'asar ne. Na buɗe motar na ɗauko ƙarfen kwance taya na shiga shagon. Yana kan keke yana ɗinki, ya ɗago ya yi min maraba. Na shaƙe wuyansa na jawo shi, keken ya kife. Na kira shi munafuki, na ce ya hana 'ya'yana gida. Yana ƙoƙarin magana na naushe shi a baki, haƙori ya faɗo. Ya faɗi ya ɗaga hannun dama yana kare fuskarsa, ni kuma na sauke ƙarfen a kan hannun. Na ji ƙarar ƙashi, ban tsaya ba, na ƙara, na kuma ƙarawa. Jini ya ɓata yadudukan mutane. Mahaifiyata ta sauko ba mayafi tana ihu, ta riƙe rigata, na fizge har ta faɗi a bakin ƙofa. Sai da maza huɗu suka danne ni. Ina ƙasa na ji Ammu yana cewa, "Halas, ya isa haka, ya waladi, ɗana, me na yi maka?"

A hannun 'yan sanda na ji gaskiya. Matata ce ta je ofishin jam'iyyar, ta zo ta faɗa min tana kuka. Motar da sunana aka yi mata rajista, a na'ura suka gan ta, ba wanda ya kai tsegumi. Abin da Ammu ya gaya wa mai bincike yana rubuce: ya ce ni mutumin kirki ne mai riƙe uwa, ya roƙi a taimake ni. Suka ƙara da cewa ko da motar ban wuce ƙa'idarsu ba. Kirana suka yi in gyara takardar in sa hannu, shi ke nan.

Ammu ya yafe haƙƙinsa a gaban alƙali, ya ce ba zai so yarana su tashi uba na kurkuku ba. Duk da haka na yi watanni a tsare, aikina ya tafi, aka cire sunana daga jerin masu jiran gida. Shi kuwa yatsunsa uku sun mutu, ba ya iya riƙe almakashi. Kafilinsa, wato ɗan ƙasar da yake zaune a ƙarƙashinsa, bai sabunta masa iƙama ba, ya koma Sudan. Ranar da zai tafi na je neman gafara, ya miƙo min hannun hagu muka gaisa. Har yau mahaifiyata ba ta kallon idona in tana min magana.

Na gane cewa ƙaryata ce ta sa na ga kowa a matsayin maƙiyi, don wanda ya ɓoye abu kullum jiran mai tona shi yake. 'Yan'uwa, in kun nemi irin wannan taimako ku faɗi gaskiya, in aka kira ku ku je ku ji. Kada zargi ya sa ku ɗaga hannu. Ni da na taka zuwa ofishin nan da yanzu ina cikin gidana, shi kuma yana kan kekensa.