Abin da Laouali Ya Binne a Bayan Gidan Ɗalibai

Laouali mutumin Maradi ne, maƙwabcina a titin High Point Road a Amurka, kuma ban taɓa ganin mai shisshigin alheri irinsa ba. Ka ce masa famfonka na ɗiga, sai ya gyara famfon, ya kuma sauya maka ƙofar banɗaki ba ka roƙe shi ba. Shekara bakwai ya yi yana gyare-gyare a wani tsohon gida kusa da jami'a, gidan ƙungiyar 'yan'uwantaka ta ɗaliban Yahudawa. Samari ke zaune a ciki, hotunan waɗanda suka gama tun 1955 jere a bango. "Yarana" yake ce musu, har da masu furfura.

A 2005 aka sa ranar bikin cikar ƙungiyar shekara hamsin, tsofaffin ɗalibai za su dawo. Gidan kuwa ya yi baya, daga mutum talatin sun koma tara, ɗaya ya karye, biyu sun faɗi jarrabawa. Laouali yana kankare tsohon fenti a ƙofar baya da aka daina bi, sai wuƙarsa ta ci karo da wani ɗan ƙarfe kamar yatsa. Ya ɓamɓaro, ya buɗe, sai ga fata a naɗe da ƙananan rubutu. Akwai irinsa na roba a ƙofar gaba, amma shi ado ya ɗauke shi.

"Wallahi asiri aka yi wa yaran nan," ya ce min. Na ce ya tambaye su mana. Ya ce yaran Amurka me suka sani? Ya so ya ƙona, sai ya ji tsoron kada da sunan Allah a ciki. Ya naɗe fatar a farin ƙyalle, ya binne a gindin bishiya, ya yi gum.

Bayan mako uku aka yi bikin, na je taya shi jera kujeru. Dokta Saltzman, tsoho ɗan shekara saba'in cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, ya zagayo ƙofar baya da jama'a a bayansa. Ya ɗaga hannu zai taɓa wurin da ɗan ƙarfen yake a dā, babu komai sai sabon fenti. Fuskarsa ta sauya, har sai da aka riƙe shi.

Mezuza suke ce wa abin, in ji shi, ayoyin Attaura ne da suke kafawa a ƙofa. Wannan mahaifinsa ne ya cire ta daga ƙofar gidansu a Poland, gidan da babu wanda ya tsira a cikinsa a Yaƙin Duniya na Biyu sai shi Doktan kaɗai, kuma shi Doktan da hannunsa ya kafa ta a nan.

Na dubi Laouali. Ya matso gaban tsohon.

"Pardon, patron," ya ce, yana neman gafara da Faransanci. "Ni ne."

Da yatsu ya tona, mutum arba'in na kallo. An sha ruwa a makonnin nan, tawada ta narke, fatar ta zama baƙi ƙirin. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

"Me aka rubuta?" Laouali ya tambaya da ƙyar.

"Ubangiji ɗaya ne," in ji tsohon.

Laouali ya zube zaune a taɓo. Tsohon ya daɗe yana juya ƙyallen, sannan ya tambaye shi dalilin naɗewar. Da ya ji tsoron sunan Allah ne, sai ya ce su ma in irin wannan rubutu ya lalace binne shi suke yi. Ya miƙa masa. "Kai ka haƙa, kai za ka rufe."

Ba su kore shi ba. Amma ran nan famfona ya sake ɗiga, Laouali ya zo da akwatin kayansa, ya tsaya a gabansa hannu a baya, yana jira in ce masa ya taɓa.